Bayanin Babur Mai Zaman Kujera

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in amsa wata tambaya da ta yi mini yawa. Tun da na sayi babur ɗin nan da jama'ar Aboabo su ke gani a ƙofar makarantata, ba a yin mako guda wani bai tare ni da zancensa ba. Waɗansu suna tambaya ne don suna sha'awar saye. Waɗansu kuwa tambayar tasu da ƙaya a cikinta, watau me malamin allo zai yi da moto irin na 'yan birni, kuma da kuɗin wa ya saya? Na ga gara in amsa wa kowa gaba ɗaya.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Na sayar da tsohon babur ɗina, na haɗa da adashin shekara 3, wanda mu ke ce wa susu a nan Kumasi. Babu kuɗin laraba na ɗan kowa a ciki. Kuma ba sabo ba ne, na hannu ne, an daɗe ana hawansa a Turai kafin a sauke shi a Tema.

Irin wannan babur shi Turawa ke ce wa kuruza. Asalin fasalinsa daga Amurka ne, ƙasar da hanyoyinta su ke da tsawo da faɗi, inda kamfanin Harley-Davidson ya soma aiki a garin Milwaukee cikin 1903. Daga baya mutanen Japan su ka ɗauki fasalin, Yamaha ya fito da Virago cikin 1981, Honda kuma ya fito da Shadow cikin 1983. Nawa Virago ne mai si-si 535, irin wanda aka riƙa ƙerawa daga 1987 zuwa 2003. Abin da ya raba shi da baburan da mu ka saba gani shi ne zama. Sirdinsa yana ƙasa-ƙasa, kamar santimita 72 daga ƙasa, har ma gajeren mutum zai sauke tafin ƙafarsa duka biyu in ya tsaya. Matakin ƙafa yana ɗan gaba, abin riƙo kuma ya tanƙwaro baya ya zo wa mutum, ba sai ya sunkuya ya bi shi ba. Injinsa silinda biyu ce, a tsaye kamar baƙin V na boko, yana da ƙarfin ja tun bai yi ƙara ba, saboda haka ba a yawan canja giya. In da doki ne, sai in ce wannan ba na sukuwa ba ne, na taƙama ne. Amma taƙamar doki na ke nufi, ba ta mahayi ba.

To, me ya kai ni? Kugu ne ya kai ni. Jama'a sun sani aikinmu zama ne. Tun ina ɗan shekara 7 na ke zaune a ƙasa, ƙafa a lanƙwashe, allo a cinya, ga shi yanzu na ba 40 baya. Malamina kuwa yana Tamale, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya zama ɗalibansa ne ke zuwa su karanta masa littattafan da shi ya karantar da su. Nawa rabon sau ɗaya ne a wata. Daga Kumasi zuwa Tamale kilomita kusan 380 ne. Lokacin da na ke yin tafiyar nan a kan ƙaramin babur mai si-si 100, sai in isa baya ya sage, har akwai ranakun da na yi sallar magariba a zaune a bayan tsohon da ya girme ni da shekara 30, shi kuwa yana tsaye. Da abin ya ci gaba haka, ɗayan biyu ne, ko in bar babur ko in bar zuwa. Motar haya tana nan, ba na kushe ta, amma ba ta tsayawa don lokacin salla ya yi, ba ta kuma tsayawa a Kintampo don ina da tsofaffin almajirai a can da su ke da hakkin in leƙa su.

Yanzu ga abin da masu sha'awar saye ya kamata su ji da kyau. Kuruza ba ya zuwa da daɗinsa cikakke. In ka hau shi daga Asawase zuwa Kejetia za ka ce ba a taɓa ƙera abin hawa kamarsa ba. Amma bari ka yi sa'a biyu a kansa. Da ya ke ƙafafu suna gaba, duk nauyin jiki a kan ƙashin gindin baya ya ke sauka, kuma in rami ya zo ba ka iya miƙewa kan mataki ka bar gwiwa ta sha bugun, kamar yadda mahayin doki ke miƙewa a kan likkafa. Ga shi kuma kana zaune a miƙe, hannuwa a buɗe, iska tana dukan ƙirjinka kamar zanin da aka shanya. Wannan halin dukan irinsu ne, ko wane kamfani ya ƙera. Saboda haka sai da gyara, kuma a wurin gyaran nan ne a ke gane wanda ya sayi babur don jikinsa da wanda ya saya don idon mutane.

Ni ƙa'idar da na bi ɗaya ce. Duk abin da jikina zai ji na gyara shi. Duk abin da maƙwabta ne za su ji ko su gani na bar shi yadda ya zo.

Na fara da sirdi. Na kai shi wurin wani mai ɗinkin kujerun mota a Suame Magazin, inda duk abin da ya shafi ƙarfe mai tafiya a ke samun gwaninsa. Kafin in gama bayani ya ce, "Malam, kada ka ce mini in sa soso mai laushi. Mai laushi daɗin minti goma ne, daga nan ya lotsa, ka koma zaune kan ƙarfe." Ya sa soso mai tauri a ƙasa, ya shimfiɗa siriri mai laushi a bisa, ya faɗaɗa wurin zama ya ɗan rarake tsakiyarsa kamar akushi, yadda nauyi zai bazu ko'ina, kana ya tayar da bayan sirdin kaɗan ya tokare kugu. Sau uku ina komawa yana ragewa yana ƙarawa. A bisa wannan kuma na ɗaura buzu. I, buzu dai, irin wanda mu ke zama a kai. Gashin rago yana barin iska ta shiga tsakanin mutum da sirdi, ba ya ɗaukar zafin rana kamar roba, ba ya kuma tara gumi. Na ji ma Turawa masu doguwar tafiya a babur suna sayensa da tsada don wannan aiki. Mu kuwa ga shi kowace Babbar Salla ana rasa yadda za a yi da fatu a zango.

Na biyu abin riƙo. An ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu, an jawo shi baya kaɗan, har gwiwar hannu ta sami ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta sauka. Wanda zai yi haka ya sa fita ya juya kan babur dama da hagu har ƙarshe bayan an ɗaure, a tabbata wayar kulochi da ta totur da tiyon birki ba su ɗame ba. In sun ɗame a sake masu tsawo, kada a ce za su saba.

Na uku gilashin tare iska. Samari suna son dogo wanda ya wuce kai. Nawa iyakarsa daidai hancina in na zauna, domin ta bisansa na ke duba hanya, ba ta cikinsa ba. Duk wanda ya bi hanyar arewa da hunturu, ko ya shiga ruwan damina wajen Offinso, ya san yadda gilashi ke dushewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Tun da aka sa shi hannuna ya daina gajiya, ashe rabin gajiyar tafiya kokawa ce da iska.

Shokozoba na baya kuwa suna da matakai da a ke murɗawa, a sassauta in mutum shi kaɗai ne, a ƙara tauri in da goyo ko kaya. Mutane da yawa suna hawa shekara da shekaru ba su san da wannan ba. Na kuma sa ɗan majingini a baya domin uwargida, da ƙarfen kāre ƙafa a gaba. Taya kuwa ranar farko na canja su duka biyu, ko da ya ke zanensu bai cinye ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Babur na hannu ya kan zo da tayar da ta shekara 10, ido ya ga kamar sabuwa, alhali robar ta bushe, ba ta kama kwalta in an yi ruwa.

Salansa fa? Wannan ita ce shawarar da aka fi ba ni. Wai in cire ta asali in sa mai tsawa, don a san malam ya fito. Ban taɓa ta ba. Tafiyata da asuba ce, lungunmu kuwa taga tana kallon taga, akwai mai jego, akwai mara lafiya. Ko da wannan mai shirun, turo shi na ke yi har bakin titi kafin in tayar, ko da ya ke nauyinsa ya tasar wa kilo 200. Haka fitilu masu launi da tarkacen ƙarfe masu ƙyalli, ban ga wanda zai rage mini ciwon kugu a cikinsu ba.

Akwai wani abu guda da ya sa na zaɓi wannan ƙirar musamman, kuma ya shafi duk mai sa manyan tufafi. Ba shi da sarƙa. Wani ƙarfe ne mai juyawa a rufe cikin bututu ya ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya. Babu zancen ɗaure sarƙa ko shafa mata mai, sai dai a riƙa canja ɗan man da ke cikin kwanson lokaci-lokaci. Mun sha jin labarin riga ko mayafi da sarƙa ta kama, Allah ya kiyaye. Amma kada wani ya sake jiki, wayoyin taya suna nan, su ma suna kamu, salansa kuma tana ƙuna. Ni babbar riga a jaka ta ke tafiya, tare da hula da rawani. Jamfa na ke sawa in tattare gefenta, in sa takalmi rufaffe, in kifa hular kwano mai rufe haɓa. Doka ce a ƙasar nan, da mahayi da wanda aka goya, kuma ko ba doka ba rawani ba ya tare kwalta. In na isa ƙofar gari na tsaya in koma malam.

Jakunkunan gefe wani baduku ya ɗinka mini, amma gafaka ba ta shiga cikinsu, gama suna daidai ƙafa ne. Ratayata na ke yi a ƙirji, a cikin rigar sanyi.

Tafiyar kanta ga yadda ta ke. In na yi asuba sai in fita, in ratsa Offinso da Akomadan da sanyin safiya, in karya kumallo a Techiman in sha mai. Tankin bai fi lita 13 da 'yan kai ba, don haka ba na wuce babban gari ban duba shi ba. A Kintampo na kan yi sa'a guda. Daga nan daji ya fara sauyawa, manyan itatuwa su ja baya, kaɗanya da ɗorawa su bayyana, har a haye gadar Buipe, a haye ta Yapei, a shiga Tamale kafin la'asar. Ba na wuce kilomita 80 a sa'a, kuma kowace sa'a da rabi sai na sauka na taka ƙasa, ko na gaji ko ban gaji ba. Da dare kuwa ba na bin hanyar nan ko kusa. Sau da yawa in na wuce Kintampo na kan tuna kakanninmu fatake da su ka yi watanni daga Kano zuwa Gwanja a bayan jakuna don goro, har aka kafa zangunan da mu ke zaune ciki yau. Ba na zaton akwai madugun da aka taɓa zargi don ya gyara wa jakinsa akumari.

Ba kuwa zan ce kowa ya je ya saya ba. Cikinsa yana kusa da ƙasa, tudun rage gudu da a ke yi a kowane ƙauye sai an hau shi a hankali ƙwarai, in da goyo har a ɗan karkace. Hanyar laka da ta yashi ba tasa ba ce. Ya fi ƙaramin babur shan mai, kayan gyaransa kuma wani lokaci sai an aika Abossey Okai a Ankara an jira. Wanda zirga-zirgarsa tsakanin gida da kasuwa ce, ko mai zuwa gona, Boxer ko Haojue sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. Wanda kuma bai taɓa riƙe babur ba, kada ya fara da wannan.

Wani dattijo da na ke ganin girmansa ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam, ba ka ganin abin nan ya yi kama da son duniya?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, malamanmu sun karantar da mu cewa abin hawa mai sauƙi yana cikin ni'imomin da ba a hana bawa nema ba, abin da aka hana shi ne girman kai a bisansa. Shekara 2 ke nan ban fasa zuwa Tamale ko sau ɗaya ba, kuma a tsaye na ke salla in na isa." Ya yi shiru, ya zagaya babur ɗin, ya danna buzun da hannu, kana ya tambaye ni ko mai ɗinkin nan zai iya yi wa kujerar shagonsa irin wannan aiki.

Ina da ɗan littafi da na ke rubuta kwanan canjin baƙin mai da wankin matacin iska a ciki, da ajami, domin da hunturu matacin ba ya jimawa ya toshe. A shafin ƙarshe na jera ma'aunin sirdi da na gilashi da na abin riƙo. Duk ɗan ƙungiya da ke so ya kwafa, ko ya zauna a kan sirdin ya ji kafin ya kai nasa Magazin, ya zo makaranta bayan la'asar in an tashi yara. Zama dai, ban ce hawa ba.