In Faɗa wa Oga, ko In Yi Shiru?

Duk ɗalibin da zai fita SIWES yana da abin da ke cin ransa. Wani neman wurin da zai karɓe shi, wani kuɗin mota na wata huɗu, wani kuma lissafin ko alawus ɗin ITF zai iso kafin ya gama makaranta. Mu masu sikila muna da ƙarin tambaya ɗaya wadda ba ta cikin kowane fom: in faɗa wa oga, ko in yi shiru?

Kimiyyar kwamfuta nake karanta, kuma a sashen kwamfuta na wani ofishi na yi nawa SIWES ɗin. Da aka ce sikila, abin da mutane suka sani shi ne ranar da ciwo ya tashi, ana ihu ana neman mota zuwa asibiti. Wannan yakan zo ya wuce. Abin da ba ya wucewa ita ce gajiya. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan kai kwana 120 suna aiki, namu kuwa daga kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Ke nan kullum jikina cikin bashin jini yake. In hau bene hawa biyu ɗauke da firinta, sai in ji zuciyata na dukan uku-uku, alhali fuskata lafiya lau, har da kwalli. Wanda ya gan ni na zauna ƙarfe goma sha ɗaya na safe, me zai ce in ba ragwanci ba?

Sai kuma sanyi. Ɗakin da manyan na'urori suke, dole a bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne dare da rana. Abokan aikina can suke gudu in rana ta take, ni kuwa nan ne filin daga. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje su toshe hanya, sai ƙugu da gwiwa su fara sara. Na sha dariya kan rigar sanyin da nake sawa ana tsakiyar zafi. Ruwa kuma dole in yi ta sha, kusan lita uku a yini, ƙodar mai sikila kuwa ba ta riƙe ruwa. Makullin banɗakin mata yana hannun masinja, saboda haka duk fitata sai ofis ya sani. Akwai wadda ta ɗauki aikin ƙirga mini.

A makon farko na shiga wurin shugaban sashen da takardar asibiti. Na ce, "Yallaɓai, ba sauƙin aiki na zo nema ba. Abu uku ne: a matsar da teburina daga bakin na'urar, a ba ni ranar ganin likita, aikin ɗaukar kaya kuma a musanya mini da na zaune." Ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ce, "To 'yata, me ya sa makarantarku ba ta rubuto mana ba?" Ya yi mini duka ukun, Allah ya saka masa. Amma daga ranar, in za a fita haɗa waya a wani reshe, wato ainihin aikin da na zo koyo, sai a ce, "Bar ta ta huta." Tausayi ma yana iya hana mutum koyon sana'a. Sai da na riƙa ɗaukar jakar kayan aiki ina riga su shiga mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai maganar magani ce. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, duk matashin da aka gani da maganin ciwo mai ƙarfi, kallon ɗan ƙwaya ake masa. Nawa likita ne ya rubuta, amma a banɗaki nake sha.

A wata na uku ciwo ya kwantar da ni kwana shida. Da na dawo na buɗe logbuk, ga layin kowace rana yana jiran a rubuta aikin da aka yi. Ba gurbin "ina gadon asibiti ana ƙara mini ruwa". Na rubuta gaskiya, oga ya sa hannu, malamin da ya zo duba mu daga makaranta ya tsaya yana juya shafin yana tambayar ko za a ce na cika kwanakina. Shi ma ba wanda ya faɗa masa yadda ake yi da irina.

Ban ce kowa ya faɗa ba fa. Wani ɗan uwanmu mai karanta injiniyan gine-gine ya faɗa tun a bakin ƙofa, aka ce masa wurinsu ba asibiti ba ne. A wuri na biyu ya yi gum, ya yini a rana yana awo, ya dawo hostel ya kwana yana juyi. Ban ga laifinsa ba.

A ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, ba yadda za a yi a ce ni da shi kaɗai ne a makarantar nan. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta zauna da ofishin SIWES a kan abu biyu: takardar da makaranta za ta ba ɗalibin da ya nema ya kai wurin aiki, da ƙa'ida a rubuce kan kwanakin jinya. Magana daga makaranta ta fi ta bakin ɗalibar ND nauyi.

Bayan ND ga IT na shekara guda yana jira. Na fara zagayen neman wuri. Ƙawayena suna tambayar nawa ake biya, ni kuwa ina leƙen hawa na nawa ofishin yake, da kuma wa ke riƙe da makullin banɗaki.