Inna Ba Ta Gama Da Mu Ba

Mu ne yaran da zazzaɓi ya kwantar 'yan kwanaki, muka tashi ƙafa ɗaya ta daina amsa kira. Kakanninmu suka ce Inna ce ta sha, aka yi hayaƙi, aka shafa mai. Likitoci kuma suka ce ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta ratsa hanji ta kai laka, ta kashe jijiyoyin da ke bai wa tsoka umarni. Cikin yara 200 da ta kama, kusan ɗaya take nakasawa har abada. Mu ne wannan ɗayan.

Da yawanmu muna goye a 2003, shekarar da aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin yana hana haihuwa. Ba mu ga laifin iyayenmu ba. Ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Kano ta dawo da ɗigon a 2004, amma kafin nan cutar ta haura iyakoki, daga baya aka tsince ta har Indonesiya. Ƙafafunmu ne suka biya kuɗin wannan gardama.

A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a Borno. Mun yi murna tare da kowa. Sai dai sanarwa ba ta miƙar da ƙafa, kuma akwai abin da ba a faɗa mana ba.

Lokacin da cutar ta kashe wasu jijiyoyinmu, waɗanda suka tsira sun yi rassa sun karɓi aikin matattun, kamar mutumin da ya riƙe marayun wansa a kan nasa 'ya'yan. Bayan shekara 15 zuwa 40 sai su fara gazawa. Yanzu muka shiga wannan zango. Wasunmu sun fara jin gajiyar da barci ba ya kora. Hannun da ke murza keken guragu yana sanyi tun kafin azahar, kafaɗar da ta daɗe a kan sanda tana ciwo, hunturu kuma yana shiga ƙafar da ta shanye fiye da da. In mun yi ƙorafi sai a ce ai daman haka muke.

Akwai kuma ƙannenmu. Ɗigon da ake sa wa yaro a baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Tana fita ta bayan gida. A unguwar da kusan kowane yaro ya karɓa, nan take mutuwa don ba ta da masauki. A unguwar da aka bar yara da yawa, sai ta yi ta yawo daga ciki zuwa ciki har ƙarfinta ya dawo. Ta haka yara fiye da 400 suka kamu a Najeriya a 2021, shekarar da aka fara amfani da sabon ɗigon da aka gyara don ya yi wuyar rikiɗewa. Ɓoye wa iyaye wannan bayani ba ya ƙara musu yarda. A faɗa musu gaskiya duka, har da cewa yaron da aka ɓoye a ɗaki shi ne masaukin da ƙwayar ke nema.

Buƙatunmu ba su da yawa. A samar da gashin ƙashi a asibitin da ke kusa da mu, a koya wa ma'aikatan lafiya cewa shan inna na da dawowa, a yi wa makarantu da masallatai gangaren da keke zai hau. In kuma masu akwatin rigakafi suka yi sallama, a fito da yaro. Mai shakka ya zo ya tambaye mu, mun san nauyin sanda.