Tsallaken Kogin Kaduna, da Labarin Rawar Mutanen Indiya

'Yan'uwana mata, wadda duk ta zo Kaduna ta sauka a Kawo ko Unguwar Sarki ta juya gida, to, rabin gari ta gani. Sauran rabin yana tsallaken kogi, ta kudu. Tun bayan tarzomar 2000 da ta 2002 mutane suka ja jiki, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudu, har akwai yarinyar da za ta gama makaranta ba ta taɓa haye gada ba. Wannan kuwa hasara ce, gama gari ɗaya ne.

In kin haye gada, abin da za ki fara tararwa shi ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar Ikko zuwa Kano ta gamu da wadda ta nufi Kafanchan. Gaba kaɗan sai Kakuri da Makera. A nan ne aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, sa'an nan waɗansu suka biyo baya, kamar Arewa Textiles da UNTL. A da, in aka tashi daga aiki, kekuna kan cika hanya maƙil, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe kafaɗa da kafaɗa. Masaƙar farko ta tsaya a 2002, yanzu galibinsu shiru ne, ciyawa ta cinye harabarsu. Har wa yau a Kakuri akwai makarantar 'yan mata ta Queen Amina, wadda aka kafa a 1940 da sunan Queen of Apostles.

Zamanin da masaƙu ke tashe shi ne zamanin da finafinan Indiya suka shigo ƙasar nan. Kwarori masu gidajen sinima suka kawo su a shekarun 1950, irin su Mother India na 1957, jama'a kuwa suka karɓe su hannu biyu biyu, ba tare da sun ji harshen ba. Da aka fara fim ɗin Hausa a Kano a 1990 da Turmin Danya, ba a daɗe ba rawa da waƙa irin tasu suka shige ciki, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Yau ko ta wane gefen kogi kika bi, za ki ga 'yan mata suna karya wuya suna juya hannu a gidan biki, iyaye kuwa na ta faɗa.

To, abin da ya kamata mu sani shi ne, rawar fim reshe ce kurum. Uwar tana can, mai ƙa'ida ce, ana shekaru ana koyonta kamar karatu. Ta kudancin Indiya sunanta Bharatanatyam. Asalinta a ɗakunan bautarsu ake yi, waɗansu mata ne da aka keɓe su ke yinta, har sunanta ya ɓaci, ɗiyar mutunci ba ta kusantarta. Sai wata mace 'yar babban gida, Rukmini Devi, wadda aka haifa a 1904, ta koya, ta fito gaban jama'a a 1935. Aka yi mata ca. Ba ta fasa ba, a 1936 ta kafa makaranta a Madras, watau Chennai ta yanzu, ta sa mata suna Kalakshetra.

Ga yadda ta mai da rawar mutum ɗaya ta zama wasan kwaikwayo na jama'a. Da fari akan zaɓi labari, malamai su tsamo baitocin da za su ɗauke shi. Sa'an nan a ba mawaƙi ya sa musu karin murya. Wanda ya fara yi mata wannan aiki a kan babban labarinsu na Ramayana, Mysore Vasudevachar, ya haura shekara 80 sa'ad da ya zo makarantar. Sai an gama wannan duka kāna a tsara taku, a san inda kowa zai shigo da inda zai tsaya. Labarin nan kashi 6 ta yi shi, daga 1955 zuwa 1970. Ku duba, shekara 15 a kan labari guda! Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A dandamali makaɗa ba su yawo, gefe guda su ke zama: mai ganga, da mai sarewa, da mawaƙi, da shugabansu mai 'yan ƙananan ƙarafa a hannu, shi ke ba da lokaci. Mai rawa takan ɗaura ƙararrawa a sawu, kamar akayau ɗin 'yan rawarmu, don haka in ta kuskure taku ɗaya kowa ya ji. Ba ta buɗe baki. Hannu ke magana, akwai siffa 28 ta hannu ɗaya, wannan barewa, wannan fure, wancan tsuntsu. Fuska kuma ta nuna fushi ko tsoro ko tausayi. Shi ya sa akan ja kwalli ya zarce gefen ido, a rina yatsu da ƙafa ja wur kamar lalle, domin na can baya ya gani. Kayan ado na dandamali ba su da yawa. Wani lokaci mutum biyu kan riƙo zane, babban ɗan wasa ya ɓuya a bayansa, sai kiɗa ya kai inda ake so a janye.

Tufafin ma ita ta gyara. Ta sa aka ɗinka su yadda za su rufe jiki, da wata tattara a gaba mai buɗewa kamar mafici in an durƙusa. Kuma a 1937 ta kafa masaƙar hannu a makarantar, don kada tsofaffin zane-zanen ƙasarsu su ɓace. Wadda ta ga kangon masaƙun Kakuri, ta tuna atamfar da ta fito daga cikinsu, ta san abin da matar nan ta guda.

Addininsu daban, namu daban, babu mai cewa a ɗauko bautarsu. Amma tsari ba na kowa ba ne. Muna da gaɗa, da kiɗan shantu da na ƙwarya, da tashe, da wasan gauta wanda matan fada kan yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa. Da yawansu suna bakin tsofaffi, in sun tafi sun tafi da su. Ku 'yan makaranta, in malama ta ce a shirya wasan ƙarshen shekara, maimakon ku kwaso rawar fim, ku tafi wurin kaka ku rubuto tatsuniya guda da waƙoƙinta. Ku raba aiki, ku sa mai ba da lokaci, ku maimaita har ƙafa ta saba. In akwai 'yar Bajju ko 'yar Gwari a ajinku, ku tambaye ta tasu. Ku kuma iyaye, ku je ku gani da idonku kafin ku hana.

Rukmini Devi ta rasu a 1986, makarantarta na nan tana aiki. Allah Ya maido da zaman lafiya da arziki a gefen kogin nan biyu, amin. Sai mako mai zuwa.