Kasuwar Alhamis da Kotsannin Isa

Yau Isa tana jihar Sakkwato, Shinkafi tana Zamfara, tun da aka yanka sabuwar jiha a 1996. A ƙuruciyarmu duka Lardin Sakkwato ne, kuma mu mutanen Isa mun raba wa garuruwan biyu aiki a zukatanmu: sarauta tana wurinmu, ciniki yana Shinkafi. Gulbin Bunsuru da na Gagare su ke shayar da ƙasar. A fadama ana samun shinkafa da albasa da rake da taba, a tudu kuma gero da dawa da gyaɗa da auduga. Duk abin da ya yi saura bayan an cika rumbu, hanyarsa ɗaya ce, kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

Mahaifina fataucin fatu yake yi. Fatar jar akuya ita ce abin nema a lokacin, domin kamfanonin Turawa suna sayenta da daraja, a ɗaure ta dami-dami a kai Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Aikina shi ne tsaron jakuna da riƙon gorar ruwa. Mukan fita tun kafin assalatu, gari ya waye mana a hanya, mu tarar da ayarin ƙauyuka sun cika turba, wasu da kaya a kai, wasu suna kora awaki. Kafin ka ga rumfa ɗaya za ka fara jin kasuwar daga nesa, gunjin raƙuma da kukan jakuna da kalangun mahauta duk a cakuɗe. Buzaye suna zaune gefe da rawunansu, sun sauke gishiri da kanwa da dabino. Mutanen Maraɗi suna lissafi da kuɗin Faransa, mu muna yi da sule da sisi da taro, amma ciniki bai taɓa tsayawa saboda haka ba. A kara dillali zai kama hannun mai saye ya ja shi gefe, su yi ta raɗa, ya koma wurin Bafulatani mai sa, sai ka ji an ce "Allah shi sa albarka," an tafa. Matan Fulani da ƙorensu na nono da man shanu, 'yan koli da madubi da kwalli da allura, dukawa da majema a layinsu, masaƙa da farin saƙi. Idan kaka ta yi, bayan la'asar sai a ja daga a bayan kasuwa a yi dambe, samari suna ta rera waƙoƙin Ɗan Anace tun kafin 'yan damben su ɗaure hannu.

Gidan Sarkin Gobir na Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Wanda muka buɗe ido muka gani shi ne Sarkin Gobir Amadu, wanda ya riƙe sarautar daga 1935 zuwa 1975. Gida ne mai gandaye da fadamu da dawaki da barori, kuma kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin masu kula da dawakin. Ta dalilinsa na sami shiga inda yaron fatake ba ya shiga. Na ga rumbunan da ake ɗiba kullum don ciyar da baƙi, na ga akusan tuwo suna fita da dare zuwa masaukai. Wasu daga cikin akusan nan na makaɗa ne.

Babban makaɗin gidan shi ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali. Manyanmu sun ce da kiɗan noma ya fara, yana bin gayya yana zuga manoma a kan kuyya, kafin ya koma kiɗan fada ya zama na Amadu. Kotso yake kaɗawa shi da yaransa. Na sha tsayawa ina kallon yadda suke shirya kotsannin: a ɗan gasa fatar ta ɗame, a gyara naken da ke tsakiyarta, a buga da yatsu a saurara, a sake ja har sautin ya yi daidai da na sauran. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan maimaici. Idan sun sauka, bayan an ci abinci sai su koma cikin zaure, shi ya kawo ɗan waƙa ɗaya, 'yan amshi su karɓa, ya tsayar da su, ya sauya kalma, su sake. Ɗan waƙa guda kan cinye musu dare. Waƙar tana shiga tana fita kamar zanen da marini ke mayarwa cikin baba har sai ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi. Mutumin da ke tunanin abin da iyalinsa za su ci gobe ba zai iya wannan zama ba. A ganina babbar kyautar da gidan ya yi wa Narambaɗa ita ce wannan natsuwar. Doki da riga kowa ya gani an ba shi a bainar jama'a. Hatsin da ake aika masa da kaka, da sanin cewa ko damina ta yi gardama gidansa ba zai kwana da yunwa ba, su ne suka ba shi damar tace magana har ta kai inda ta kai.

Wata Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, kawu ya riƙe hannuna ya kutsa da ni har gindin ƙofar fada. Ya ce, "Tsaya nan kusa gare ni, kak ka matsa, dawaki ba su san yaro ba." An sauko daga idi, ana ta jahi, ƙura ta turnuƙe. Dagatai da masu gari suna zuwa suna faɗuwa, "Ranka shi daɗe," dogarai suna amsawa. Da Sarki ya zauna sai sanƙira ya yi gyaran murya ya jero kirari, kotsanni suka ɗauka a hankali. Narambaɗa bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Yana tsaye cikin babbar riga, 'yan amshi sun yi masa rabin da'ira, ya fara jero asalin gidan tun daga kakanni. Fadar ta yi tsit. Can sai ya karkata ya saki habaici, bai kama sunan kowa ba, amma na ga manya suna satar kallon wani sashe na masu rawani, wasu suna sunkuyar da kai suna murmushi. Na tambayi kawu da wa ake. Ya matse mini hannu ya ce, "Yi kurum. Wanda aka yi domin shi ya ji." Kafin a tashi an jawo doki da sirdinsa an miƙa wa yaran makaɗin, 'yan sarki kuma kowa ya tuɓe abin da ya iya.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, waƙar ta riga mu isa Shinkafi. Mai jaki yana rera amshinta, mahauci yana yi yana sara, wani dillali ma ya ɗauki habaicin ya jefi abokin hamayyarsa da shi, aka yi ta dariya a kara. Ba rediyo a hannun mutane a lokacin, ba faifai. Kasuwa ce ke ɗaukar waƙa ta kai ta Sabon Birni da Zurmi da Ƙaura, fatake su ƙetara da ita Maraɗi. Sunan Amadu ya kai inda dokinsa bai taɓa takawa ba, kuma gidan ya san haka sarai. Hidimar da suke yi wa makaɗi akwai so a ciki, akwai kuma lissafi, domin sarki yana bukatar wanda zai tsare masa suna a gaban 'yan uwansa masu jiran gado da sauran hakimai.

Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba. A lokacin albashin hakimi daga baitulmalin En'e yake fitowa, baitulmali kuma haraji da jangali ke cika shi. Na sha ganin magidanci ya jawo akuyarsa ɗaya tilo zuwa kasuwa saboda lokacin haraji ya yi, fatar ta ƙare a hannun mahaifina. Gandayen kuma hannun barori da na 'yan gayya ke nome su. Saboda haka idan na ji waƙoƙin Narambaɗa irin su Bakandamiya ko Dokin Iska Ɗanhilinge, nakan ga gidan da ya san darajar fasaha ya riƙe mai ita shekara da shekaru, wannan kuwa abin yabo ne, domin akwai masu dukiya da yawa a zamanin da ba su bar komai ba. Nakan kuma ga manomin da gumin bayansa ya shiga cikin kuɗin dokin. Shi ma yana da rabo a waƙar, kuma ina jin shi ya sa talakawa suka rungume ta ba tare da an ce su yi ba. Harshen ma nasu ne. Tsuntsaye da namun daji da ruwa da kayan noma da ke cike da waƙoƙin, duk daga gona da gulbi makaɗin ya ɗebo su.

A zamanin ba Isa kaɗai ke da wannan tsari ba. Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi da taushinsa, Sa'idu Faru yana tare da Sarkin Kudu Macciɗo, Musa Ɗanƙwairo ya fito daga gidan kiɗan Maradun har ya kai ga Sardauna. Kowa da ubangidansa, kowa da ƙofar da yake kwana.

Narambaɗa ya rasu ina saurayi, ya bar ubangidansa da rai. Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa da sauri. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, farin 1973 ya karkashe dabbobi ya zubar da jarin fatake da yawa, har da na gidanmu, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa hakimai abin da ya saura. Kuɗi suka koma hannun 'yan kwangila da 'yan siyasa, makaɗa suka bi su. Sabon mai kyauta yana biya da yawa, amma waƙa yake so a yau don taron gobe, ba ya ajiye mutum shekara ashirin yana ciyar da shi. Rediyon Kaduna ne ya riƙe mana muryar Narambaɗa, daga baya kaset ya zo. Malamai irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza sun bi tarihinsa sun rubuta, Allah ya saka musu.

Kasuwar ta daɗe tana ci bayan fadar ta yi sanyi, har ta ƙara girma da aka samu motoci. Abin da ya durƙusar da ita shi ne 'yan bindiga. Hanyar da muke bi da jakuna cikin duhun asuba ba tare da ko sanda ba, yau mai mota ma sai ya tambayi labari kafin ya kama ta. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya, Alhamis ta zo ta wuce ba a buɗe rumfa ba. An sake buɗewa daga baya, na je na ga kara ba ta kai rabin yadda na san ta ba, fadamu da yawa kuma sun koma saura saboda masu su ba su isa su je ba.

Waƙoƙin suna nan a wayoyin samari, ana tura wa mutum su a rumfar cajin waya. Abin da ba ya cikin wayar shi ne wanda aka yi wa habaici kaza da dalilinsa, da sunayen 'yan amshi, da ranar da aka fara rera kowace waƙa da abin da aka bayar a kanta. Wannan yana bakin tsofaffin da suka tsaya a ƙofar fada kamar yadda na tsaya, da 'ya'yan barorin gidan da na makaɗan. Da yawansu sun bar ƙauyukansu, wasu suna Gusau da Sakkwato a gidajen dangi, wasu sun ƙetara ƙasar Maraɗi gudun hijira. Ɗaliban jami'a da ke son jin sauran labarin sai su bi su can da na'urar ɗaukar magana tun suna da ƙarfin zama su yi hira.