Kwantiragin Soto da shekaruna 28

'Yan uwa, ranar da malamin da ke duba aikina na digiri na biyu a nan kudu ya ce in yi nazarin kwantiragin 'yan wasan besbol na Amurka, dariya na yi. Ni da ko kallon wasan ban taɓa yi ba! Ya ce alƙalumansu na nan kyauta a intanet, in je in koyi lissafi.

Abu uku kulob ke dubawa. Na farko shekaru: ɗan wasa kan kai ganiyarsa wajen 27, bayan 30 sai gangara. Shi ya sa a 2024 New York Mets suka ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, yana da 26. Albert Pujols kuwa ya sa hannu a 2011 yana da 31, na shekara 10, amma kafin wa'adin ya cika Angels suka sallame shi. Na biyu gurbi: mai cafe ƙwallo a tsugune yake wasa, gwiwa ba ta daɗewa. Na uku yawan aiki: mai jifa, gwiwar hannunsa ake tsoro. Gerrit Cole, mai kwantiragin dala miliyan 324, tiyata ta cinye masa kakar 2025. Wato abin da ya rage a jikinka ake saye.

Jiya na ga tallar aikin banki, wai kada mai nema ya wuce 27. Ni 28, yajin aiki ya ci rabonsa. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Su can suna da alƙaluman da ke nuna jikin ɗan wasa na raguwa. To me ke raguwa a kan mai lissafi a 28? Na dai tura takarduna. Ku sa ni a addu'a.