Kwanon Inna

Ranar da ɗana ya nuna mini Sophia a waya, mutum-mutumin nan da Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017, sai marigayiya Inna ta faɗo mini a rai. Ya ce ƙarfe ne da wayoyi, kyamara a madadin ido, ƙananan injuna na motsa fuskar roba, kwamfuta na ba da umarni.

Na ce ai mun san ƙanenta. Da kaka Inna kan bi gidaje a ƙauyenmu na wajen Malumfashi tana sussukar dawa, a auna mata kwano. Da shi aka sayo mini littafin makaranta. Injin sussuka na zuwa, kwanon ya yanke.

Audugar Funtua dai har yau hannu ke cirar ta. Amma wai yanzu na'ura har labari take rubutawa. Daren nan, wallahi, na kasa ƙarasa babi na tara.