Abarshi, Sunan Ɗan Wabi

A cikin sunayen da Hausawa kan laƙaba wa 'ya'yansu maza, ban san wanda ya kai Abarshi nauyi a zuciyata ba, domin duk inda ka ji an kira mutum da shi, ko ya yi furfura, ko da rawani a kansa, to ka tabbata akwai wata baiwar Allah da ta haifa aka binne, ta sake haifa aka binne, har mata suka fara cewa tana wabi, kafin Ubangiji Ya ba ta wannan. Ba sunan yanka ba ne, wanda liman ke raɗawa ran bakwai. Tsofaffin cikin gida ne ke sa shi, asalinsa kuwa roƙo ne ga Mai bayarwa, Mai karɓewa: a bar shi.

Na ga yadda ake renon irin waɗannan yara. Uwar ba ta yarda ta nuna ɗoki, ba ta yi masa kwalliya a gaban mutane, amma idan ya yi tari cikin dare sai ka tarar da ita zaune, hannunta a ƙirjinsa, har assalatu. Waɗansu kan ce Ajuji, su aza jariri a kan juji wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Wannan kam camfi ne, malamai sun yi inkarinsa, kuma suna da hujja. Amma Abarshi addu'a ce tsantsa, babu abin da ya saɓa wa tauhidi a cikinta, balle ga shi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗanɗani wannan ɗaci, tun da Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim duka suna ƙanana suka rasu. Jarrabawar ba ta bar gidan sarauta ba, don a Yawuri an yi sarki Abdullahi Abarshi.

Yau sunan ya yi ƙaranci, ni kuwa ba na baƙin ciki da haka, domin agana, wadda ta cinye yaran unguwanni a idonmu, an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980, ƙyanda kuma an sami rigakafinta. Sai dai likitoci sun bayyana mana cewa cikin abin da muke kira wabi har da amosanin jini, ciwon da yaro ke iya gada idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarsa, alhali su kansu lafiya lau suke.

Saboda haka, ya ku 'ya'yana, kada ku yi wa mai wannan suna dariya, kada kuma ku ɗaura wa 'ya'yanku aure sai an gwada jininsu a asibiti.